Kunyoyin da Iya Ta Taka a Mashigi

Ranar da Iya ta rasu ban tarar da kuka sosai a gidanmu ba. Waya ta same ni a shagona na Birnin Kudu ina tsakar kwance wani injin ban-ruwa, na wanke hannu sama-sama na hau babur, na kama hanyar Gwaram ina shirya zuciyata ga kururuwar mata. Da na shiga sai na same su zube a kan tabarmi, jugum, kowace ta rafka tagumi. An zubar da hawaye, ba a ce ba a yi ba. Amma abin da ya cika tsakar gidan nan tsoro ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san dalilinsa.

Wata tsohuwa, aminiyarta tun suna amare, ta kama hannuna ta ce, "Sannu, angon Iya. Ya haƙuri?" Na ce da godiya. Ba ta sake ni ba. Ta juya fuskarta gabas, wajen tafki, ta ce, "To yanzu wa zai shiga mana gaba?" Inna, mahaifiyata, ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta.

A ƙofar gida kuwa maza ne ke cacar baki ƙasa-ƙasa, alhali an riga an yi wa gawa wanka an sa mata likkafani. Sai na bayyana yadda garinmu yake kafin a gane rigimar. Ƙauyen yana kusa da Basirka, a kan tudu. Gabas da shi akwai wani dogon tafki, wanda tsofaffi suka ce da can ta nan kogi ke bi, kafin ya sauya hanya ya bar wannan hannu a baya. Yashi ya toshe bakinsa na kudu da na arewa, ruwa ya zauna. Fadamarmu tana hayin tafkin, haka nan tsohuwar maƙabarta. Wuri ɗaya ake ƙetarewa, shi muke kira mashigi, ruwansa iya gwiwa da rani, iya ƙirji da damina. Akwai hanyar zagaye ta gada, amma a ƙafa rabin wuni ce, kuma idan ruwa ya sauka laka ce zalla.

Iya kakata ce, wadda ta haifi mahaifina. Kafin ta cika ta bar wasiyya guda a gabana da gaban Inna: kada a ƙetare tafki da gawarta. Baffa, babban ɗanta, yayan mahaifina, shi ne ya ƙi.

"Mijinta yana can," in ji shi yana kallona. "Ubanka yana can. Duk waɗanda ta haifa suka riga ta suna can. Sai mu ajiye ta a gefen gonar gero kamar baƙuwar da ta mutu a hanya? Mutane kullum ƙetarewa suke yi, wa ruwan ya ci?"

Liman ya dube ni ya ce, "Tana cikin hankalinta da ta faɗa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, a zaman nan ta zagi hulata ta ce ta yi kama da murfin tukunya. Lafiyar hankalinta ƙalau."

Wasu suka yi murmushi suka gimtse. Liman ya ce wa Baffa, "Alhaji, ko'ina ƙasar Allah ce, kuma ba a jinkirta gawa. Mu yi mata abin da ta roƙa." Muka haƙa kabari a ƙarshen gonarmu ta bayan gari, inda ba a taɓa binne kowa ba. Muna dawowa na ji wani a bayana yana cewa tsufa ne ya taɓa ta. Na kuma lura cewa shi mai maganar ma, da muka zo inda ake hango tafki, sai da ya rage sauri yana kallon ruwan.

Ina rubuta wannan ne don ina tsoron a manta da ita, kuma ina tsoron abin da mantawar za ta jawo.

Iya ba 'yar garinmu ba ce. 'Yar masunta ce daga can sama da kogi, aka auro ta cikin manoma waɗanda iyakar saninsu da ruwa shi ne su sha su yi alwala. A al'adarmu, idan aiki ya kama a fadama maza kan ƙetare tun da sassafe, su kuwa manyan mata su bi su da abinci in rana ta ɗaga. Layi guda suke yi, gammo a kai, ƙwaryar fura ko kwanon tuwo a bisa, hannu ɗaya na riƙe da kaya ɗaya na riƙe da zane. A cikinsu ba mai iya iyo. Tun kafin a haife ni Iya ce ke shiga gaba, kuma a tsawon zamaninta ba a taɓa rasa mace a mashigi ba.

Ba ta ɗaga ƙafa a cikin ruwa. Jan ta take yi a hankali, tafin ƙafa na shafar ƙasa, kanta a karkace kamar mai sauraron magana ta bayan katanga. Ba a hira a bayanta. Wadda ta shigo da silifa kuwa ta shiga uku. "Cire takalmin nan, gidan biki aka ce miki za mu?" Idan wata ta ce ai ta saba da wurin, sai ta ce, "Ke kika saba da shi. Ruwan nan bai san sunanki ba." Bakinta ba shi da daɗi, wannan kowa ya shaida. Ta taɓa mayar da matar mai unguwa gida da tuwonta a kai don ta yi dariya a tsakiyar ruwa. Kuma hanyarta ba ta miƙe ba. Bana ta lanƙwasa kudu, baɗi ta yi arewa, wani lokaci a cikin mako guda ta sauya. Masu kallo daga tudu suna cewa iyayi ne.

Ni sai da na girma na yi iyali na san abin da take nema da ƙafarta. Wata rana na zo gida ina ta cika baki a kan injinan da nake gyarawa, yadda suke zuƙo ruwa su tura shi inda aka ga dama. Tana zaune tana regen shinkafa a ƙwarya. Ta ce, "Angona mai tura ruwa a cikin roba. Ka taɓa tambayar ruwan abin da yake yi in ba ka nan?" Ta sa aka kawo mata faffaɗan daro, ta zuba yashi ta baje shi, ta zuba ruwa ya ɗan rufe shi. Sai ta kama bakin daron tana kaɗawa, gaba da baya, gaba da baya, irin kaɗawar rege.

Ina kallo yashin da yake sumul ya fara tattaruwa. Da fari ɗan zane-zane ne, can sai ga layuka sun miƙe a jere, da tudu da kwari, sak kunyoyin gona da aka yi wa huɗa. Ta ce in sa ido a kan guda. Ruwa in ya taho sai ya haye tudun, ya yi ɗan juyi a bayansa, ya ƙwaƙulo yashin kwari ya watso shi sama. In ya dawo sai ya yi haka nan ta ɗaya gefen. Abin da tafiya ta ɗauka dawowa ta mayar, shi ya sa kunyar take tsayawa wuri ɗaya tana ƙara tsini. "Taɓa," in ji ta. Na taɓa da yatsa. Kafaɗunta biyu daidai suke, ba wadda ta fi wata gangara.

Daga nan ta rage hannu, tana kaɗawa gajere-gajere. Sai ƙananan kunyoyi suka fara tsirowa a cikin kwarin manya, har tazarar ta matse. Ta sake buɗe hannu tana kaɗawa da faɗi. A nan ne abin ya ba ni mamaki, don layukan ba su koma yadda suke nan take ba. Sai suka karkace, suka yi gwafa, wannan ta haɗe da waccan, wata ta cinye maƙwabciyarta, wata ta gutsure ta ɓace. Sai da aka jima kafin suka sake jeruwa, da tazara mai faɗi. "Ka gani?" ta ce. "In hannu ya sauya sai sun yi rigima kafin su shirya. In na taka na ji gwafa ta yi yawa, na san ruwa ya sauya hali kwanan nan, yashi bai gama zama ba."

A tafki iska ce hannun da ke kaɗa daron. Iya kan shiga ta gaya maka irin iskar da aka yi jiya ba tare da ta tambayi kowa ba. Bayan hadari mai ƙarfi kunyoyin kan yi faɗi da tauri. In an daɗe ba iska sai su yi ƙanana, taɓo ya kwanta a kwarinsu. Inda suka jeru da kafaɗu daidai, nan yashi ya zauna, zai ɗauki mace da kayanta. Nan take bi, ko da zai sa ta zagaya. Na tambaye ta, in kuma kafaɗun ba daidai suke ba fa? Ta tuntsurar da ruwan daron ta ce, "Wannan a kogi ake jin sa. Kada Allah Ya sa ka ji shi a tafkinmu." Ta koma kan shinkafarta.

Duk zafin bakin nan nata, akwai abin da ta yi wa Inna wanda har yau in Inna ta ba da labarinsa sai ta share ido. Daga wajen Kangire aka auro Inna, gidan da ruwansu a rijiya yake. Ranar da aka fara ɗora mata fura zuwa fadama, da ruwa ya kai mata ƙugu sai jikinta ya sandare. Ta kasa gaba ta kasa baya, ƙwaryar ta suɓuce, furar mutum goma ta bi ruwa. Amarya ce, ga dangin miji a gaba da baya. Iya ta kai sauran mata hayi ta dawo ita kaɗai. Ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannun Inna ta ɗora a kan ƙullin zanenta ta baya, ta ce, "Kada ki kalli ruwa. Inda na ɗauke ƙafa nan za ki sa taki." Da suka isa maza suka tambayi fura, Iya ta ce ita ce santsi ya kwashe, wanda ke da magana ya zo ya faɗa mata. Ba wanda ya zo.

Tun daga ranar gurbin Inna ke nan, daf da bayan Iya, har ta haife mu har ta yi jikoki. A shekarun ƙarshe na ji Iya da kunnena tana ce mata, "Na cuce ki, 'yar nan. Na saba miki da bayana, ban saba miki da yashi ba." Inna ta yi dariya, a zatonta wasa ne.

Babbar rigimar Iya da Baffa a kan turaku aka yi ta. Wata shekara ciwon ƙafa ya kwantar da ita damina guda. Baffa ya tara samari suka saro itatuwa masu ƙwari, suka kafa su a jere daga wannan gaɓa zuwa waccan, bisa hanyar da ta bi a ƙarshe. Kowa ya sa masa albarka, ni ma na sa. Da ta miƙe ta dogara sanda ta je ta gani, a bakin ruwan ta sa aka kira shi.

"Wa ya sa ka?"

"Iya, don mata su san hanya ne."

"Ka kafa itace. Ka tambayi yashin ko zai tsaya tare da itacenka? Yanzu ka ba su abin kallo, ba mai ƙara sauraron ƙafarta."

Baffa mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya ƙule. Ya ce, "To wa kika koya wa? Duk wadda ta matso sai ki kore ta da baki. Iya, ba fa za ki dawwama ba."

Ta dube shi ta juya. Ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba sai da Babbar Salla ta zo. Ni dai a ganina kowa a cikinsu ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar Baffa ce ta fi yi mata ciwo. Ta gwada koyarwa bayan haka, amma ba ta da haƙurin malanta. In ta ce wa yarinya me kika ji, ta ce yashi, sai ta ce, "Da me kike tsammani, alkaki?" Yarinyar ba ta ƙara dawowa. Turakun suka zauna. Abin da ya fi muni, shekaru da dama hanyar Iya da layin turaku ba su yi nisa da juna ba, sai mutane suka ɗauka abu ɗaya ne.

Ana cikin haka tifofi suka fara zuwa ɗibar yashi da rani. Ba na zagin kowa. Garuruwa suna gini, samarinmu ma da shebur ɗinsu suke samun na cefane. Amma yashin da ya fi kyau da sauƙin loda shi ne wanda ya toshe bakunan tafki, kuma shekara bayan shekara tudun yashin nan yana ramewa. Iya ba ta taɓa zuwa ta gani ba, idonta ya riga ya yi rauni. Ƙarar motocin kawai take ji daga tsakar gida, ta tsayar da abin da take yi har su wuce.

A farkon daminar bana na zo gaishe ta, ta ce in kai ta mashigi. Ta kwana biyu ba ta shiga ba, mata suna bin turaku. Na ce, "Amarya, ki bari ki ƙara jin ƙarfi." Ta ce in ba zan kai ta ba ta san inda za ta samo wani mijin. Na ɗora ta a babur kamar tsuntsuwa, don ba nauyi a jikinta. Ranar ba iska ko kaɗan, ruwan ya kwanta lumui. Ta riƙe damtsena muka shiga.

Da farko tana ta gyaɗa kai. Ni ma da na cire takalmi na ji su a tafin ƙafata, a jere, masu tauri, daidai wa daida. Muka wuce tsakiya. Ruwa ya kai mata ƙirji. Sai ta tsaya cak. Na ji yatsunta sun nutse a hannuna. Ta ja ƙafa gaba, ta dawo da ita, ta ja gefe.

"Kawo ƙafarka inda tawa take."

Na kai.

"Shafa daga kudu zuwa arewa. Me ka ji?"

Na ce na ji ƙafata tana hawa a hankali, sai kuma ta faɗa.

"Dawo da ita."

Da na dawo da ita sai yatsuna suka yi karo da gefe mai tsaye, kamar ɗan dakali. Kafaɗa ɗaya doguwa, ɗaya gajera. Na matsa na taɓa ta gaba, haka take. Ta gaba da ita ma haka, duk sun jingina arewa. Kuma a idon sawuna akwai wani sanyi da babu shi a cinyata, yana wucewa a hankali.

"Ruwan nan ya daina kai da komowa," in ji Iya. Muryarta ta yi ƙasa, ban taɓa jin ta haka ba. "Tafiya yake yi. Kogi ya fara leƙo tsohon ɗakinsa."

Na dubi saman ruwan. Ga wani ganye yana shawagi kusa da mu, da ƙyar za ka ce yana motsi. Ga turakun Baffa a tsaye ƙyam. Ga hayi ana hango mutane suna noma.

Ta ce, "Abin da ya ɗauka yanzu ba ya mayarwa. Zai yi ta kwasa daga ƙasa, sama tana nan kamar ba komai. Ran da aka yi babban ruwa a kudu, a nan zai fara haƙa. Juya da ni." Tun da nake ban taɓa ganin Iya ta shiga mashigi ta koma ba ta taɓa hayi ba sai ranar.

Ta tara mata ta gaya musu. Wasu suka ji, suka riƙa ba maza ƙullin abinci tun da safe. Wasu suka ci gaba da bin turaku. Maza kuwa ba su fasa ba, yawancinsu sun iya ɗan iyo kuma hannunsu sake yake. Ba abin da ya faru. Mako ya bi mako ba abin da ya faru, kuma wannan ne ya kashe maganarta tun tana da rai. Da ciwon ajali ya kama ta, ta kira ni da Inna ta yi wasiyyar nan, har da dalili. Ta ce mutum ɗaya mai hannu sake yana iya tsira. Amma maza a ƙarƙashin makara, hannuwansu a sama, suna taka wuri ɗaya, ga jama'a ta biyo su a baya, wannan ba za ta ɗauki alhakinsa ba. "Na yi shekaru ina kai mutane hayi," ta ce. "Ba za a ce gawata ce ta kai su ƙasa ba." Ta san sarai abin da ta bari. Sau da yawa na ji tana cewa kusa da mahaifina take so a sa ta, shi ne ɗan da ta fi so kuma ta fi zagi.

Bayan sadakar arba'in, da baƙi suka watse, na tafi mashigi ni kaɗai da rana tsaka. Na cire takalmi na shiga ina jan ƙafa yadda na ga tana yi. Ban yi nisa ba, ruwa bai ma kai mini cinya ba, na ji kunyoyin sun yi gwafa, sun hargitse. Kaɗan gaba sai ga masu jingina arewa, tun kafin tsakiya, a wurin da ni da ita muka taka masu kafaɗu daidai. Na daure na ci gaba har inda ta tsaya. A nan babu kunya ko ɗaya. Yashin sumul yake, kuma da na tsaya sai na ji yana zarewa daga ƙarƙashin diddigena kamar gari a rariya. Ƙafata ta nutse har idon sawu ba tare da na motsa ba. Ban san yadda aka yi na fito ba, na dai tsinci kaina a gaɓa ina haki.

Na sami Baffa a zaure na gaya masa duka. Na yi zaton zai yi faɗa, sai ya ci gaba da jan carbinsa. Mutuwar ta rage shi ƙwarai. Can ya ce, "Na ji ka, kuma ban ƙaryata ka ba. In ruwa ya janye za mu tara gayya mu toshe bakin tafkin da buhunan ƙasa, na riga na yi wa mai unguwa magana. Amma shinkafa ta nuna. In ba a yanke ba tsuntsu da ruwa za su raba ta. Abincin shekara ne. Ka ce in hana mutane?"

Aka fara yanka. Masu yankan shinkafa ba sa wuni da ƙullin safe, dole a kai musu na rana. Na ce ni zan riƙa kaiwa ta gada a babur. Na yi 'yan kwanaki ina yi, ina tura babur a laka fiye da yadda nake hawansa, abinci na isa bayan la'asar ya huce, kuma na gida ɗaya kawai nake iya ɗauka. Ga shago a rufe, ga iyali a Birnin Kudu. Na roƙi wani ɗan acaɓa ya karɓe ni, ya je sau ɗaya ya ce ko nawa ne ba zai koma ba.

Ranar da zan tafi na durƙusa a gaban Inna a ɗakinta. Na ce, "Inna, don Allah don Annabi kada ki shiga ruwan nan."

Ta ce, "Matan nan ni suke kallo. Ni na fi kowa daɗewa a bayanta. In na zauna, yara ne za su shiga ba mai ja musu gaba."

"To ku zauna duka."

"Maza su yanka da yunwa? Kai ma ka san ba za a yi haka ba. Hanyar Iya na san ta kamar yunwar cikina, ko ido rufe zan bi ta."

Na ce, "Inna, hanyar da kika sani ta bara ce."

Ta daɗe tana kallona. Na ga ta gane, wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Ta ce, "Allah Ya tsare. Tashi kada rana ta yi maka." Na nemi ta yi mini alkawari, ta ce in gaida yara.

Tun da na dawo nake rubuta wannan a shago, tsakanin aiki da aiki, kuma kullum da hantsi sai na kira Inna na ji muryarta a tsakar gida kafin in iya cin abinci. Iya, Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki zafin bakinki saboda rayukan da kika ƙetarar. Ya sanyaya makwancin da kika zaɓa ke kaɗai a bayan gari don kada a rasa kowa ta dalilinki, Ya haɗa ki da ɗanki a inda ba ruwa tsakani.

Jiya da yamma hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kudu, wajen duwatsun ƙasar Bauchi, inda koginmu ke fitowa. A nan ko ɗigo ba a yi ba. Wani direba da ya kawo mini inji yau da safe daga can ya ce ruwan da aka sheƙa musu bana ba a yi irinsa ba, har ya ɗauke musu gonaki a bakin rafi. Ban bari ya gama ba na ɗauki waya. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, sai ƙanwata ta amsa. Ta ce Inna ta bar wayar a ɗaki, sun fita da abinci ita da matan unguwa tun ɗazu, yau da wuri aka gama tuwo.

Na ce, "Ta wace hanya suka bi?"

Ta ce, "Ta wace hanya kuwa, Yaya? Ta mashigi mana. Ai garau gari yake, ko iska babu. Inna ce a gaba."